Elgar a Gaban Ƙahon Garmaho

Kiɗan da Turawa ke kira kilasik rubuta shi ake yi a takarda. Mutum guda ne zai zauna a ɗakinsa ya tsara abin da makaɗa tamanin ko ɗari za su kaɗa tare, kowa da layinsa: masu goge ga nasu, masu busa ga nasu, mai ganga ga daidai inda zai shigo. Takardar tana nuna kowane sauti da tsawonsa, sannan akwai 'yan kalmomi a gefe, galibi da Italiyanci, masu cewa a yi sauri, ko a sassauta, ko a rage murya. To amma saurin har ina? Sassaucin fa, na mai tafiya kasuwa ne ko na mai rakiyar gawa? Nan takarda takan yi shiru, sai jagoran makaɗa, wato mutumin nan da ke tsaye gabansu da 'yar sanda a hannu, ya yanke hukunci da kansa. A wurinmu wannan rigima ba ta cika tasowa ba, domin wanda ya ƙagi waƙa shi ke rera abarsa. A zamanin Shata, mai son jin yadda ake Bakandamiya sai ya neme shi, kuma ko shi ba kullum yake yin ta iri ɗaya ba. A Turai kuwa mai tsara kiɗan yakan mutu ya bar takarda, jikokin jikokinsa su yi ta musu a kanta.

Mozart ya rasu a 1791, Beethoven a 1827, tun kafin Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877. Wagner ya riski na'urar da 'yan shekaru amma bai bar komai a cikinta ba. Brahms ya zauna gaban fiyano a 1889 an ɗauke shi, sai dai abin da ya rage ƙara ce kawai da ƙyar ake tsinkayar kiɗa a ƙarƙashinta. Mahler, wanda a zamaninsa an fi saninsa da jagorancin makaɗa fiye da tsara kiɗa, ya rasu a 1911 ba tare da an ɗauke shi yana jagorantar kowa ba ko sau ɗaya. Saboda haka mutanen farko da za mu iya jin yadda suke tafiyar da kiɗansu da hannunsu 'yan ƙarni na ashirin ne, kuma a cikinsu babu wanda ya rungumi abin da wuri, ya kuma daɗe a kai, kamar Edward Elgar na Ingila.

An haifi Elgar a 1857 a wani ƙauye kusa da birnin Worcester. Mahaifinsa yana da kantin sayar da kayan kiɗa, yana kuma gyaran fiyano, a nan yaron ya koyi abin da ya koya, bai taɓa shiga makarantar kiɗa ba. Ya yi shekaru yana goge a ƙananan ƙungiyoyin makaɗa, yana koyar da 'ya'yan masu hali, har ya taɓa zama shugaban makaɗan wani asibitin masu taɓin hankali a Powick. Sai da ya haura arba'in duniya ta san da shi, lokacin da aka kaɗa Enigma Variations a Landan a 1899. Daga nan abubuwa suka biyo juna: sarautar Sir a 1904, simfoninsa na farko, wato dogon kiɗa na cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, a 1908, wanda aka kaɗa kusan sau ɗari cikin shekara guda da 'yan watanni, sai konceton goge, wato kiɗan da mai goge ɗaya ke jan gaba sauran makaɗa suna raka shi, a 1910. Abin lura a tarihinsa shi ne daga cikin sahun makaɗa ya fito. Ya san abin da yatsan mai goge ke iya yi da abin da ba ya iyawa, kuma makaɗan sun san ya sani.

Wanda ya daɗe yana aiki da shi a harkar faifai wani Ba'amurke ne, Fred Gaisberg, ma'aikacin Gramophone Company, kamfanin da ke da tambarin karen nan mai leƙa ƙahon garmaho, wanda dattawan da suka ga zamanin garmaho a ƙasar nan ba za su manta da shi ba. Gaisberg ne ya ɗauki muryar Caruso a Milan a 1902, ya kuma san darajar babban suna a jikin faifai. A watan Janairun 1914 Elgar ya shiga ɗakin ɗaukar kamfanin a Landan, ya jagoranci wani ɗan gajeren kiɗa nasa mai suna Carissima. Yana da shekara 56.

Ya kamata a tsaya a duba ɗakin nan da kyau, domin wanda bai san shi ba ba zai fahimci abin da yake ji a faifan farko ba. Babu makirfo, babu lantarki a cikin aikin ko kaɗan. Wani babban ƙaho ne na ƙarfe ya ɓullo ta bango, bakinsa na fuskantar makaɗa. Sautin da ya shiga cikinsa yakan matse har ya isa wani ɗan siririn faifai da ke rawa, shi kuma ya girgiza allura, allurar ta yi ta yanka layi a jikin kaki mai juyawa. Ƙarfin iskar kiɗan ne kaɗai ke motsa allurar. Don haka wanda ya yi nisa da ƙaho kamar bai zo ba. Makaɗa tamanin ba za su shiga ba, sai a rage su zuwa talatin ko ƙasa da haka, a cusa su gwiwa da gwiwa, wasu a kan dakali, wasu a ƙasa. Gogen da aka saba da shi muryarsa ba ta isa, sai a ba wasu makaɗan wani irin goge da wani mai suna Stroh ya ƙera, wanda aka maƙala wa ƙahon ƙarfe a maimakon akwatin katako. Manyan gogen nan masu kaurin murya, waɗanda ake kaɗawa a tsaye, na'urar ba ta jin su sam, sai a sa mai busa tuba ya busa layinsu. Masu wani irin ƙaho da bakinsa ke kallon baya dole su juya wa jagora ƙeya don sautin ya nufi inda ake so, suna kallon sandarsa ta madubi. Ɗakin kuma da zafi, saboda kakin sai da ɗumi yake yankuwa. Idan wani ya yi kuskure a minti na huɗu, babu gyara, sai a jefar da kakin a sake daga farko. Kuma ba a iya sauraron abin da aka ɗauka nan take, domin da zarar an ɗora masa allurar sauraro ya lalace.

Ga kuma matsalar lokaci. Fuska ɗaya ta faifai mai juyi 78 a minti ba ta ɗaukar fiye da minti huɗu da 'yan kai. A ƙarshen 1916 Elgar ya ɗauki konceton gogensa tare da Marie Hall, wadda shi da kansa ya taɓa koya wa goge tana yarinya. Kiɗan da a dandali yake cin minti arba'in da biyar zuwa hamsin, sai da ya daddatse shi ya koma fuska huɗu, wajen rubu'in awa ke nan. Akwai wuri kusa da ƙarshe inda mai gogen ke kaɗawa ita kaɗai, sauran masu goge suna karkaɗa tsirkiya da yatsu a hankali a bayanta, kamar iska na wucewa. Ƙahon bai ji wannan ba ko kaɗan. Elgar bai yi gardama ba, ya zauna ya rubuta wa mai haf, abin kiɗan nan mai tsirkiya da yawa, wani sabon layi da zai cike gurbin. Wannan ɗan labari yana nuna halinsa. Mutumin da aka ɗauka zai tsare kowane ɗigo na takardarsa, shi ne ya fi kowa saurin sa mata almakashi idan na'ura ta buƙaci haka.

Manyan makaɗa da yawa na lokacin kallon abin wasan yara suke wa garmaho. Elgar kuwa tun asali mai son na'urori ne. Yana da ɗan ɗakin haɗe-haɗen sinadarai a bayan gidansa na Hereford, yana hawan keke yana zaga ƙauyuka, kuma garmahon da kamfanin ya ba shi yakan kunna wa baƙi har su gaji. Akwai batun kuɗi ma, don kiɗan simfoni bai taɓa azurta mai shi a Ingila ba, kwantiragin kamfanin kuwa yana kawo abin cefane. Shi ne ma ya buɗe kantin faifan kamfanin a titin Oxford a 1921. Amma dalilin da ya fi nauyi ya zo ne bayan matarsa Alice ta rasu a watan Afrilun 1920. Ita ce ke ja masa layi a takardar kiɗa, ita ke tura shi ya zauna ya yi aiki. Da ta tafi sai rijiyar ta ƙafe, bai sake kammala wani babban aiki ba har ya mutu. Salon kiɗa ma ya juya masa baya, samarin bayan yaƙin duniya na farko suna ganinsa tsohon yayi. A shekaru goma sha huɗun da suka rage masa, ɗakin ɗaukar faifai ne wurin da ake jiransa da zumuɗi.

Sa'arsa ita ce ya rayu har 1925, shekarar da kamfanonin faifai suka karɓi fasahar makirfo daga Amurka. Ƙaho ya tafi, gogen Stroh ya tafi, mai tuba ya koma layinsa. Yanzu ana iya zaunar da cikakkiyar ƙungiya a babban zaure yadda ta saba zama. Elgar, yana dab da saba'in, ya sake shiga aikin ɗauka daga tushe: Enigma a 1926, simfoni na biyu a 1927, konceton celo, wato babban goge, a 1928 tare da Beatrice Harrison, simfoni na farko a 1930, Falstaff a 1931 zuwa 1932. Waɗannan faya-fayan suna da 'yar ƙara, muryar ba ta da faɗi, amma kiɗan cikakke ne ba a datse ba, kuma kunne yana sabawa da su cikin minti biyu.

Abu na farko da mai sauraro ke cin karo da shi shi ne gudu. A cikin Enigma akwai wani yanki mai suna Nimrod, wanda Elgar ya tsara don abokinsa August Jaeger, ma'aikacin kamfanin da ke buga masa takardun kiɗa. A yau Ingila ta mayar da Nimrod kiɗan makoki. Kowace Nuwamba ana busa shi a Landan wajen tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, ana sa shi a jana'izar manya, kuma a hankali ake jan sa, kamar ana tsoron ya ƙare. A faifan 1926 Elgar ya gama shi cikin kimanin minti uku. Leonard Bernstein, da ya ɗauke shi da makaɗan BBC a 1982, ya haura minti shida. Takarda ɗaya ce, sautuka ɗaya, amma abu biyu ne daban. A hannun Elgar, Nimrod magana ce tsakanin abokai biyu rayayyu, tana tafiya, tana ɗaga murya, ta kai ƙololuwa, ta sauka nan da nan kamar mai jin kunyar abin da ya furta. Lokacin da ya rubuta shi Jaeger yana raye, babu wanda ake wa kuka. Haka simfoni na biyu: Elgar ya kammala shi cikin ƙasa da minti hamsin, alhali Giuseppe Sinopoli daga baya ya kai shi sama da awa guda.

Masu son Elgar mai jan ƙafa suna da amsa a shirye: faifan ne ya tilasta masa, fuskar minti huɗu ce ke kora shi. Wannan hujja tana da ƙarfi a zamanin ƙaho, amma a zamanin makirfo ta yi rauni. Kamfanin ba ya ƙin ƙara fuska, faifai ɗaya a kan saiti ƙarin ciniki ne. Shaida mafi kyau kuma tana cikin faifan da ya fi kowanne shahara.

Gaisberg ya yi shekaru yana bin Fritz Kreisler, wanda aka rubuta konceton gogen dominsa, ya zo su ɗauka da Elgar. Kreisler ya yi ta zillewa. Da Gaisberg ya ga tsohon yana ƙara tsufa, sai ya juya ga Yehudi Menuhin, yaro ɗan shekara 16 da aka haifa a Amurka, wanda bai taɓa kaɗa wannan kiɗa a bainar jama'a ba. Menuhin ya sha ba da labarin haɗuwarsu ta farko a Landan a 1932: ya fara kaɗawa da rakiyar fiyano, bai yi nisa ba Elgar ya tsayar da shi, ya ce abin ya yi, ba ya buƙatar jin sauran, shi zai tafi kallon sukuwar dawaki. A ranakun 14 da 15 ga Yuli suka ɗauka a ɗakin ɗaukar faifai na Abbey Road da London Symphony Orchestra, tsoho ɗan shekara 75 da yaron da ya yi jika da shi. Wannan ɗauka ta ci wajen minti hamsin. Shekara uku kafin nan mai goge Albert Sammons da jagoran makaɗa Henry Wood sun ɗauki kiɗan nan wa kamfanin Columbia, a irin wannan faifai mai fuskar minti huɗu, suka gama da ratar mintuna da dama ƙasa da haka. Wato a nan mai kiɗan ne ya fi jinkiri. Menuhin yana son ya ja dogon numfashi a wuraren taushi, Elgar ya ba shi fili, yana binsa, yana jiransa a kwana. Da fuskar faifai ce ke kora shi, da a nan ma ta kore shi. Inda ya yi gudu, so ya yi.

Kuma kalmar gudu ma ba ta kama abin duka ba. Abin da ya fi bambanta Elgar da na bayansa shi ne ba ya zama a kan sauri ɗaya. Idan kiɗa na hawa sai ya ƙara wuta, makaɗan su bi shi da ƙyar, idan an iso wata jimla mai daɗi sai ya ja birki ba tare da gargaɗi ba, kafin ka gama jin daɗinta ya riga ya wuce. Takardunsa cike suke da umarni, yana daga cikin masu tsara kiɗan da suka fi kowa yawan rubuta a ƙara, a rage, a dakata. Har lambobin metronom yake sawa, na'urar nan mai ƙwanƙwasa da ke auna bugu nawa a minti. Amma masu binciken da suka zauna da agogo suna auna faya-fayansa, irin su Robert Philip a littafinsa na 1992 kan ɗauke-ɗauken farko, sun nuna cewa sau da yawa Elgar ba ya bin lambar da shi kansa ya rubuta, kuma yakan sauya sauri a wuraren da takarda ba ta ce a sauya ba. Ɗalibin da ya kaɗa haka a jarrabawa, malami zai iya kayar da shi da hujjar ya saɓa wa Elgar.

Akwai wani ɗan fim na ranar 12 ga Nuwamba 1931, ranar da aka buɗe ɗakunan Abbey Road, waɗanda daga baya Beatles suka sa duniya ta san sunansu. Elgar ya shigo, dogon tsoho mai kaurin gashin baki, ya hau dakali, ya gaida makaɗa, ya roƙe su su kaɗa abin da ke gabansu kamar ba su taɓa jin sa ba. Abin kuwa shi ne waƙar Land of Hope and Glory, daga macinsa na farko na Pomp and Circumstance na 1901. Waƙar alfaharin daular Birtaniya ce, mai addu'ar iyakokinta su ƙara faɗi, an kuma sa mata baitoci a 1902, shekara guda kafin sojojin Lugga su shiga Kano da Sakkwato. Mai karatu a nan yana da damar jin ta da wani kunne daban da na mutanen Landan. Wannan waƙa da wannan gashin baki su suka gina hoton Elgar da aka gada: kanar mai ritaya, bawan sarki, mai kiɗan fareti. Shi ma ya taimaka wajen gina hoton, don yana son lambobin girma, yana son a ɗauke shi ɗan babban gida alhali ɗan mai kanti ne, Katolika a ƙasar Furotesta, wanda raini kaɗan ke hana shi barci. Faya-fayan suna tona wancan mutumin na ciki. Wanda ya saurari yanki na uku na simfoni na biyu a ɗaukar 1927, inda ganguna ke ta dukan kai har su danne kowa, ba zai ji kanar ba, zai ji mutumin da jijiyoyinsa ke a tsaye.

Ɗaukarsa ta ƙarshe da sanda a hannu a watan Agustan 1933 ce, 'yan watanni bayan ya hau jirgin sama zuwa Faris don ya jagoranci Menuhin a dandali. Kaka na shigowa likitoci suka gano cutar daji. A watan Janairun 1934, yana kwance a gidansa na Worcester, Gaisberg ya shirya wani abin da ba a saba gani ba: aka haɗa layin tarho daga Abbey Road zuwa ɗakin kwanansa, aka kafa lasifika da makirfo a gefen gado. Lawrance Collingwood yana jagorantar makaɗa a Landan suna kaɗa wasu yankuna na kiɗansa Caractacus, Elgar yana ji daga nisan fiye da mil ɗari yana aika gyara. Ya rasu ranar 23 ga Fabrairu. Shekara ashirin ke nan cif tun Carissima, amma da giɓi a cikin abin da ya bari. The Dream of Gerontius, aikin da shi kansa ya fi ji da shi, gutsattsari kawai aka ɗauka a 1927 daga dandali, cikakkensa sai a 1945 a hannun Malcolm Sargent. Introduction and Allegro, wanda masu goge ke ƙauna, bai ɗauke shi ba sam. Abin da zai sayu ne ke shiga jadawalin kamfani.

To yanzu, wane iko waɗannan faya-fayai suke da shi a kan mai jagorantar kiɗan Elgar a yau? Igor Stravinsky yana da amsa mai kaifi game da nasa. Ya tsani jagororin da ke sa son ransu a kiɗansa, ya kuma ce faya-fayan da ya ɗauka da kansa su ne ma'aunin da za a bi. Sai ga shi ya ɗauki The Rite of Spring sau uku, a Faris a 1929, a New York a 1940, sannan a 1960, kuma saurin bai zo ɗaya ba. Wanne ne ma'aunin? Elgar bai taɓa yin irin wannan iƙirari da ƙarfi haka ba, kuma inda ya ɗauki abu sau biyu, shi ma bai maimaita kansa ba. A ganina faifan mai kiɗa shaida ne, shaida mafi kusanci da za a samu, amma na rana ɗaya, da makaɗan ranar, da lafiyar tsohon a ranar. Ba ya rufe shari'a. Abin da yake yi shi ne ya hana wani ya zo ya ce haka Elgar yake so alhali ga Elgar yana yin akasin haka. Bernstein yana da 'yancin jan Nimrod minti shida, kuma akwai masu kuka idan sun ji shi. Abin da ba shi da shi kawai shi ne ya jingina wa mai shi.

Jacqueline du Pré ta nuna iyakar ikon faifan. A 1965, tana da shekara 20, ta ɗauki konceton celo da jagora John Barbirolli, wanda shi kansa yana cikin masu celo a ƙungiyar makaɗa ranar da aka fara kaɗa shi a 1919, ranar da abin ya watse saboda ba a ba Elgar isasshen lokacin gwaji ba. Tata ɗaukar ta fi ta Harrison da Elgar jinkiri da zafin rai nesa ba kusa ba. Harrison tana faɗin baƙin cikin ne da kamun kai, du Pré kuwa ta buɗe ƙirji. Ita ce ta sa duniya ta ƙaunaci wannan kiɗa, ba faifan 1928 ba, kuma ban ga yadda za a ce ta yi laifi ba. A ɗaya gefen ga Georg Solti, ɗan Hangari, wanda bai tashi cikin al'adar Ingila ba. Kafin ya ɗauki simfoni na farko a 1972 ya zauna ya nazarci faifan Elgar na 1930, ya fito da abu mai wuta da gudu. Wasu masu sharhi suka ji kamar baƙo ya zo da baƙon abu, alhali shi ne ya fi kusa da tushe.

Sai dai ko Solti rabin darasin ya ɗauka. Akwai abu ɗaya a faya-fayan Elgar da kusan babu mai kwaikwayo, wato zamiya. Masu gogen zamaninsa idan za su tashi daga wani sauti zuwa wani, ba sa ɗaga yatsa su dire, sai su zame shi a kan tsirkiya, a ji muryar tana hawa ko tana gangarowa. A Enigma na 1926 wannan zamiya tana ko'ina, wani lokaci jimla ɗaya sau biyu ko uku. Kunnen yau yana jin ta kamar sakaci ko shagwaɓa. Masu kare Elgar sukan ce ba laifinsa ba ne, makaɗan Landan na lokacin ne ba su da horo. Akwai gaskiya a ciki. Al'adar aika wakili ta yi ƙarfi a lokacin: makaɗi ya zo gwaji, ranar wasa ya samu aikin da ya fi tsoka, ya turo wani a madadinsa. London Symphony Orchestra kanta an kafa ta ne a 1904 saboda Henry Wood ya hana makaɗansa wannan ɗabi'a suka yi fushi suka fice. Kuma da aka kafa ƙungiyar BBC a 1930 da London Philharmonic a 1932, masu tsayayyun makaɗa da isasshen gwaji, faya-fayan da Elgar ya yi da su sun fi tsabta, zamiyar ta ragu.

Ta ragu, amma ba ta ɓace ba. Kuma Elgar mai goge ne, da wannan zamiya ya koyi sana'arsa a Worcester, ita ke cikin kunnensa lokacin da yake rubuta Nimrod a 1899. Shugaban masu gogen London Symphony, W. H. Reed, amininsa ne da suke zama su gwada jimloli tare a gida. Da zamiyar tana ɓata masa rai, kalma ɗaya ga Reed ta isa, kuma yana da shekara ashirin na ɗaukar faifai da zai faɗe ta. Jagororin yau da ke cewa sun koma ga Elgar na asali suna ɗaukar saurinsa, wasu har da 'yar karkarwar tafiyarsa, su bar zamiyar a inda suka same ta, domin makarantun kiɗa sun shafe kusan shekara ɗari suna kankare ta daga yatsun ɗalibai, kuma ƙungiyar da ta dawo da ita yadda take a faifan 1926, washegari jaridu za su ce ba ta yi gwaji ba.